Yadda za a zaɓi na'urar auna iska daga nesa don wuraren da ke sarari a Accra da kewaye

Wanda ya daɗe a Accra ya san halin hadarin farkon damina, daga watan Maris zuwa Mayu: gari zai yi tsit da zafi, gabas ta yi baƙi ƙirin, kuma kafin ɗigon ruwa na farko ya sauka iska ta riga ta iso ta yaye kwanon gidaje, ta kifar da rumfunan biki a titunan Nima da Maamobi, ta karya allunan talla a bakin manyan hanyoyi. Har yanzu ba a manta da abin da ya faru a mafaɗar ruwa ta Kintampo a watan Maris na 2017 ba, lokacin da iskar hadari ta kayar da wata babbar bishiya a kan masu yawon buɗe ido, aka rasa rayuka da dama, yawancinsu ɗalibai. Saboda irin wannan ne mai kwangilar gini da ke da injin ɗaga kaya, da mai hayar rumfuna, da manomin albasa a wajen Ada, da shugaban makarantar da ke da filin taro, duk suke bukatar sanin ƙarfin iska a wurin da ba sa tsaye, kuma su san shi a kan lokaci. Na daɗe ina kafa irin waɗannan na'urori, kuma kusan duk wanda ya zo wurina yakan fara da tambayar wace na'ura ce ta fi kyau da nawa ake sayar da ita, alhali wannan tambaya ce da ya kamata ta zo daga ƙarshe.

Mataki na farko shi ne ka rubuta a takarda, da jimla ɗaya, shawarar da za ka yanke idan ka ga adadin da na'urar ta nuna. Wanda zai dakatar da aiki domin kare rayuka yana bukatar labarin bugun iska na nan take, cikin daƙiƙoƙi, tare da ƙararrawa. Wanda yake son ya san ko gonarsa za ta iya ɗaukar injin samar da lantarki daga iska yana bukatar tarihin aƙalla shekara guda cikakkiya, kuma ba ya damuwa ko labarin ya iso shi sau ɗaya a rana. Manomin da yake lissafin ban ruwa ko lokacin feshi yana tsakanin waɗannan biyu. Bukatun nan uku ba sa ɗaukar na'ura iri ɗaya, ba sa ɗaukar tsayi ɗaya na turken da ake ɗora na'urar a kai, kuma kuɗinsu ya bambanta ƙwarai.

A nan ne ya kamata a fahimci bambancin matsakaicin gudun iska da bugunta. Ƙa'idar Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ita ce a ɗauki matsakaicin minti 10 a matsayin gudun iska, a ɗauki mafi girman matsakaicin daƙiƙa 3 a matsayin bugu. Bugun ne yake yaye rumfa, domin nauyin da iska ke ɗora wa abu yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninka biyu. Iskar da ke gudun mita 10 a daƙiƙa tana tura kowace murabba'in mita da nauyin da ya kai kimanin kilo 6, amma idan ta kai mita 20 a daƙiƙa nauyin ya zama kimanin kilo 24. Labulen tanti mai tsawon mita 6 da tsayin mita 3 ke nan zai ɗauki sama da kilo 400, kuma babu bulo biyu da aka ɗaure a ƙafar ƙarfe da za su riƙe wannan. Don haka idan kariyar jama'a ce manufarka, ka tambayi mai sayarwa sau nawa na'urar take ɗaukar awo a cikin minti ɗaya. Wasu masu araha suna aiko da adadi ɗaya bayan kusan minti guda, kuma bugun da ya yi ɓarna yana iya zuwa ya wuce a tsakanin awo biyu. Shi kuwa mai lissafin lantarki, damuwarsa ta fi ta kowa a kan daidaiton awo, saboda makamashin da ke cikin iska yana ninkuwa takwas idan gudu ya ninka biyu, kuma kuskuren kashi 10 cikin ɗari a awon gudu yana zama kuskuren kusan kashi 33 cikin ɗari a lissafin wutar da zai samu.

Ka kuma tsayar da ma'auni ɗaya da kowa a wurin aikin zai yi magana da shi. Mita 1 a daƙiƙa daidai take da kilomita 3.6 a awa, rahoton filin jirgin sama kuwa da ma'aunin jiragen ruwa da na sama yake zuwa, wanda kowane ɗaya nasa kilomita 1.852 ne a awa. Iyakar da za ka sa wa ƙararrawa tana cikin littafin injin da kake amfani da shi: dandamalin ɗaga ma'aikata da aka ƙera don aiki a waje yawanci iyakarsa mita 12.5 ce a daƙiƙa, dogayen injinan ɗaga kaya na gini kuma sukan tsaya a wajen mita 20, ko ƙasa da haka sosai idan kayan da ake ɗagawa mai faɗi ne kamar falankin katako ko kwano.

Mataki na biyu shi ne zuwa wurin da ƙafarka, kuma a ganina shi ne mafi nauyi a cikin aikin gaba ɗaya. Ƙa'idar duniya ta ce a auna iska a tsayin mita 10 daga ƙasa a fili buɗaɗɗe, kuma nisan da ke tsakanin turken da kowane gini ko bishiya ya kai aƙalla ninki goma na tsayin abin. Bishiyar darbejiya mai tsayin mita 8 tana bukatar a nisance ta da mita 80. A filayen Accra ta gabas, hanyar Prampram zuwa Ada, ana iya samun haka, amma a cikin zango, inda gida ke manne da gida, babu wanda zai samu. Abin da za a yi a nan shi ne a nemi rufin da ya fi tsayi, a ɗaga na'urar mita da dama sama da duk abin da ke kan rufin, a kuma san cewa adadin da za a samu na wannan unguwa ne kawai. Mai injin ɗaga kaya ya ɗora tasa a ƙololuwar injin, domin iskar da ke can sama ta fi ta ƙasa ƙarfi. Manomi kuma ya sani cewa lissafin ruwan da shuka ke bukata ana yin sa ne da iskar da aka auna a tsayin mita 2.

Na ga illar raina wannan mataki a wata makarantar Islamiyya da ke Maamobi. An sayo na'ura mai kyau, wani ya ɗaure ta a jikin ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa a kan bene, ƙasa da bakin tankin, ta gefen yamma. Watanni tana aiko da adadi lafiya lau, domin iskar da ta fi kaɗawa a Accra daga kudu maso yamma take zuwa, daga teku. Ranar da hadari ya taso daga gabas, tankin ya kare ta, wayar shugaban makarantar tana nuna iska ta tsaka-tsaki a daidai lokacin da rumfar taron iyaye take tashi sama. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Da na hau benen washegari, dattijon shugaban makarantar ya ce mini, "Ɗana, to na'urar ce ta yi ƙarya?" Na ce, "A'a, Baba, gaskiyar inda aka ajiye ta ta faɗa." Mun ƙara bututun ƙarfe mai tsawon mita 4, muka ɗaure shi da wayoyi uku, muka mayar da ita can sama inda babu abin da ke tare ta ta kowace fuska. Ka tuna da wannan a duk inda za ka kafa: iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take, ta hunturu daga arewa maso gabas, iskar hadari mai ɓarna kuwa galibi daga gabas. Idan turken zai yi tsayi sosai kuma kana kusa da filin jirgin sama, kamar Nima da Kanda, ka tuntuɓi hukumar kula da sufurin jiragen sama kafin ka kafa.

Sai a mataki na uku ake maganar na'urar kanta. Mai kofuna, wadda iska ke juya kofunanta, ita ce wadda kowa ya sani. Thomas Romney Robinson ne ya ƙirƙiro ta a 1846 da kofuna huɗu, daga baya aka koma uku. Tana da sauƙin fahimta, ba ta cin wuta sosai, kuma idan ta lalace ido yana gani. Rauninta yana cikin ƙwallayen ƙarfen da take juyawa a kansu, waɗanda ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu da gishirin teku suke cinye su a hankali, har ta fara nuna ƙasa da gaskiya ba tare da kowa ya lura ba. Tana kuma bukatar wutsiya ta dabam da za ta nuna inda iska ta fito. Akwai mai farfela da wutsiya a haɗe, mai kama da ƙaramin jirgin sama, wadda take da juriya a bakin teku. Sannan akwai mai aiki da sautin da kunne ba ya ji, wadda take auna lokacin da sauti ke ɗauka tsakanin bakunanta. Babu abin da ke juyawa a jikinta, tana jin iska mai rauni ƙwarai, kuma tana ba da gudu da fuska a lokaci ɗaya. Irinta ce ake gani a tashoshin TAHMO, shirin kafa tashoshin auna yanayi a Afirka, da ke makarantu da dama a Ghana. Ta fi tsada, ta fi cin wuta, ruwan sama mai ƙarfi yana iya rikita awonta na ɗan lokaci, yanar gizo-gizo da kashin tsuntsaye kuma suna toshe bakunanta.

Ra'ayina shi ne, idan wurin yana da wahalar zuwa ko yana cikin 'yan kilomitoci daga teku, kamar Jamestown ko Teshie ko Tema, mai sauti ta cancanci kuɗinta. Idan kuwa akwai mai hawa ya duba ta duk wata, mai kofuna ta kamfani sananne ta isa. A takardar bayanin kowace iri, ka duba ƙaramin gudun da take fara ji, wanda bai kamata ya wuce rabin mita a daƙiƙa ba, da mafi girman iskar da za ta jure, wanda ya kamata ya kai mita 50 zuwa sama, da kuma girman kuskurenta. Kada ka biya kuɗin wadda aka sa wa abin ɗumama jiki, domin an yi shi ne saboda ƙasashen ƙanƙara kuma zai shanye batirinka a banza. Akwatin kayan lantarki ya kasance mai lambar IP65 ko sama da haka, wato wanda ƙura da feshin ruwa ba sa shiga, robar jikinta ta zama mai jure rana, kusoshi da noti kuma na baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316 idan bakin teku ne, saboda mai lamba 304 yana yin tabo da rami a iskar gishiri. Mai binciken lantarkin iska ya nemi takardar shaidar gwajin kowace na'ura da lambarta a jiki, ya kuma auna a tsayi biyu ko uku a dogon turke, domin babu bankin da zai karɓi adadin da aka ɗauko daga kan rufin gida.

Mataki na huɗu shi ne hanyar da labarin zai iso gare ka. Idan nisan bai kai kilomita ɗaya ba kuma filin naka ne, waya ta fi komai aminci. Tsarin aika saƙo ta waya mai suna RS-485 yana kai saƙo har kimanin mita 1,200, sai dai a binne wayar cikin bututu saboda ɓeraye da masu yanka. Rediyon ƙananan tashoshin auna yanayi, kamar na Davis Vantage Pro2, yana kaiwa kimanin mita 300 idan babu abin da ya tare tsakani, amma bangon siminti biyu da rufin kwano suna rage wannan nisa matuƙa. Tsarin rediyo mai suna LoRa yana kai kilomitoci da wuta kaɗan, kuma ya dace da gona mai faɗi ko wurin aiki mai turaku da yawa, sai dai yana bukatar tashar karɓa a wuri mai tsayi. A nan akwai tarkon da mutanenmu da yawa suke faɗawa idan ɗan'uwa ya aiko da kaya daga Amurka: na'urorin can suna aiki a zangon 902 zuwa 928 MHz, wanda ya shiga cikin zangon da wayoyin salula suke amfani da shi a nan. Ka nemi samfurin Turai mai 868 MHz, ka kuma tabbatar da matsayinsa a wurin hukumar sadarwa ta NCA, wadda take da alhakin amincewa da kayan rediyo a ƙasar.

Ga mafi yawan mutane layin salula ne mafita, tunda labarin zai zo kai tsaye ta intanet zuwa waya. Kafin ka saya, ka je wurin da layukan kamfanonin waya kamar MTN da Telecel, ka gwada ƙarfin kowanne a daidai inda akwatin zai zauna, da safe da kuma dare. Ka tabbatar na'urar tana kama 4G a zangon 800 MHz da ake amfani da shi a Ghana, tana kuma iya komawa 2G idan sabis ya yi rauni. Bayanan iska ba su da nauyi, 'yan megabait ne a wata, amma layin da aka yi wa rajista da katin ɗan ƙasa aka manta da shi yana iya mutuwa idan ba a sa masa kuɗi, don haka a ɗora wa mutum ɗaya alhakinsa. Abubuwa biyu ba na sassauci a kansu. Na ɗaya, dole na'urar ta riƙa ajiye awo a cikinta idan sabis ya ɗauke, ta aiko da shi daga baya, domin lokacin hadari ne sabis ya fi yankewa. Na biyu, idan rayuka ake karewa, ƙararrawa da fitilar gargaɗi su kasance a wurin aikin, haɗe da na'urar kai tsaye, saƙon waya ya zama ƙari kawai. Ka kuma tambaya ko akwai kuɗin shekara-shekara na shafin da ke nuna bayanan, ko da dala ake biya, da kuma ko za ka iya sauke tarihinka gaba ɗaya ranar da ka so barin kamfanin.

Mataki na biyar wuta ce. Wanda ya rayu a shekarun dumsor, lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, ba ya bukatar a gaya masa cewa wutar gari ba abin dogaro ba ce lokacin hadari, saboda haka ko da akwai lantarki a wurin a sa batir. Lissafin ba shi da wuya. A ce na'ura da abin aika saƙonta suna cin rabin wat a matsakaici, wat-awa 12 ke nan a rana. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 yana ɗauke da wat-awa 84, kuma tunda ba a so a shanye batirin dalma fiye da rabi, zai riƙe ka kwana uku da rabi babu rana. Farantin sola mai wat 10 da ya samu awa huɗu na rana mai kyau zai ba da kusan wat-awa 40. Ka yi lissafinka da watannin da rana ta fi ƙaranci, wato Yuni zuwa Agusta lokacin da gajimare ke rufe sama, musamman a Kumasi, da kuma lokacin hazon hunturu da ƙura ke kwantawa a kan farantin. A fuskantar da shi kudu, a karkata shi digiri 10 zuwa 15 domin ruwan sama ya riƙa wanke shi. Zafi yana rage kwanan batirin dalma ƙwarai, don haka akwatin ya zama fari kuma a inuwar farantin, ko a sayi batirin lithium irin LiFePO4 idan aljihu ya yarda.

Kada a kafa turken ƙarfe a fili ba tare da kariyar aradu ba. A sa sandar kama tsawa da ta ɗara na'urar tsayi, a ɗan jingine ta gefe don kada ta tare iska, a sauko da waya mai kauri zuwa sandar tagulla da aka kafa a ƙasa, a kuma sa abin tare hauhawar wuta a kan kowace waya da ke shiga akwatin. Ɓarayi kuma farantin sola da batir suke nema, saboda haka a ɗaga su sama da inda hannu ke kaiwa, a yi shinge, a kuma yi magana da mai unguwa ko mai gadin da ke kusa tun kafin a fara aiki.

Mataki na shida shi ne sayen da kansa. Ka tambayi mai sayarwa ko yana da kofuna da ƙwallayen juyawa da waya na canji a nan Accra, ko kuwa sai an jira jirgi, da kuma wanda zai ɗauki kuɗin mayar da kaya idan ya lalace cikin wa'adin garanti. Idan da kanka za ka shigo da ita ta tashar Tema ko ta jirgin sama, ka sa kuɗin kwastan da na dillali a cikin lissafi tun farko. Sau da yawa turke da siminti da wayoyin ɗauri da sola da kuɗin ma'aikata suna kai kuɗin na'urar ko su wuce shi, kuma wanda ya kashe duk abin da ke hannunsa a kan na'ura mai tsada yakan ƙare da ɗaure ta a jikin tankin ruwa. Kafin a hau da ita sama, a haɗa komai a ƙasa a bar shi yana aiki kwana uku, a cire layin a mayar a ga ko awon da ya ɓace zai dawo, a rage iyakar ƙararrawa a hura mata fanka a ji ko za ta yi kuka.

Ranar kafawa, a daidaita turken da ma'aunin magina ya tsaya cak, domin na'urar da ta karkata tana ba da awo karkatacce. A juya alamar arewa da ke jikinta ta fuskanci arewa ta gaskiya; kamfas a Accra yana kaucewa 'yan digiri kaɗan zuwa yamma, kuma ƙarfen turken yana ruɗa shi, don haka a tsaya nesa da turken a auna. Agogon na'urar a bar shi a kan GMT, wanda shi ne lokacin Ghana duk shekara, tunda layin Greenwich ta Tema ya ratsa. A makon farko ka riƙa kwatanta awonka da rahoton filin jirgin saman Accra da sanarwar hukumar yanayi ta GMet. Adadin ba zai zo ɗaya ba tunda wurin ya bambanta, amma fuskar iska da lokacin tashinta da kwanciyarta su yi kama. Idan taka tana cewa arewa a ranar da kowa ke jin iskar teku, an juya wutsiyar baya ne.

Daga nan sai a buɗe littafin kula da ita, a rubuta ranar kafawa da tsayin turke da lambar na'ura, a ɗauki hoton fuskoki huɗu, domin bishiya tana girma kuma maƙwabci yana iya ɗora bene bayan shekara biyu. Duk wata a goge farantin sola, a lokacin hunturu kuwa duk mako. A ƙarshen Fabrairu, bayan ƙura ta lafa kuma kafin hadarin farko na Maris, a sauko da mai kofuna a juya ta da yatsa a cikin ɗaki inda babu iska: idan ta yi ƙara ko ta tsaya farat ɗaya maimakon ta rage gudu a hankali, a canza ƙwallayenta a ranar, a ƙara ɗaure wayoyin turken, a gwada ƙararrawa a gaban ma'aikatan da za su ji ta.